Koriyar Jarkar Dadda Bihi

Dadda Bihi ya rasu a sanyin da ya wuce, muka kai shi makwancinsa a bayan masallacin Iminwadu. Ni ne akawun ƙungiyar masu hawan iska ta ƙauyenmu. Aikina in rubuta wanda ya ɗauki allon hawan ruwa da wanda ya mayar, in kuma karanta wa jama'a hasashen iska kowace safiya. Na yi shekaru ina zaune a rumfar da ke kallon dutsen da yake hawa. Abin da na gani, da abin da ya faɗa mini da bakinsa daga baya, shi zan rubuta.

Asalinsa masunci ne, ɗan masunci. Yana saurayi wani Bature ya iso gaɓarmu da mota mai ɗaki a ciki, ya sauke allo mai tsawon ƙyauren masallaci, ya kafa masa sanda, ya ɗaura wa sandar ƙyalle, ya tsaya a kai iska ta ja shi cikin teku. Tsofaffi suka ce Allah ya sawwaƙe. Da Baturen zai tafi allon ya riga ya tsage, sai ya bar shi a kan yashi. Bihi ya ja shi gida, ya liƙe tsagar da ƙaron da ake liƙe kwale-kwale, ya ɗinke ƙyallen da allurar gyaran koma. Ya sha ruwan gishiri ya ƙoshi kafin ya iya tsayuwa. Mahaifinsa yakan ce, "Ɗan kowa ya shiga teku da kifi yake fitowa, nawa da mura."

Baƙi suka yi ta zuwa shekara bayan shekara, don iskarmu ba ta fashi. Samari suka koya daga Bihi, aka gina rumfuna, aka kafa ƙungiya. Da gwiwarsa ta fara ciwo ya rage shiga ruwa, sai aikin faɗin iska ya zama nasa. Ba wanda ya naɗa shi. Kowa dai shi yake tambaya.

Gaɓarmu yamma take kallo. Iskar arewa bin gaɓa take yi, ita ce abincinmu. In wani abu ya karye maka a cikinta, sai ta tura ka kudu ta ajiye ka a dogon yashin da ke can, ka dawo a bayan jakin wani ana yi maka dariya. Duk wanda ya iya hawa a ƙauyen nan ya taɓa hawan jakin. Iskar gabas kuwa, wadda muke kira shargi, daga tudu take saukowa ta nufi tsakiyar teku. Tsaunin da ke bayanmu yana tare ta, sai ruwan bakin gaɓa ya kwanta lumui kamar mai a kwano. Sai ka wuce hancin tsaunin za ka san abin da ake ciki, kuma a gabanka babu yashi, babu jaki.

Ga yadda Bihi yake aikinsa. Da hantsi zai hau dutsen, ya tuɓe hula, ya rufe ido, ya dinga juya kai a hankali har sai ƙarar iska ta zo daidai a kunnuwansa biyu. Inda hancinsa ya tsaya, daga nan iskar take. In hancin ya kalli farin hubbaren waliyyin da ke arewa da mu, sai ya sauko ya rataya koriyar jarka a sandar gaban rumfa. In ya karkata wajen tudu, sai ja. Jarkokin man zaitun ne tsofaffi, ya yi musu fenti da kansa. Ranar ja ba mai shiga. Ranar kore kowa ya shiga, kuma kwale-kwalen ceto yana zaune a kan tudu, domin sauke shi a ƙarƙashin koriyar jarka daidai yake da ka ce wa mutumin ƙarya yake yi. Haka muka taso muka gani, ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Mai kwale-kwalen shi ne Dadda Ider, sa'an Bihi, tare aka yi musu kaciya. Ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba.

"Sarkin iska, yau me hancin ya ce?"

"Ya ce ka je ka yi wanka."

"To rataya kore in sha shayina. In ka rataya ja ma shan shayin zan yi."

"Allah ya ba mu aiki irin naka, Ider. Kwale-kwalen nan kaji sun fara ƙwai a cikinsa."

Wata shekara wata Bajamushiya da ta saba zuwa ta kawo wa ƙungiya kyauta: dogon buhu na ƙyalle ja da fari, buɗe ta kai buɗe ta gindi, irin wanda ake ratayewa a filin jirgin sama ya nuna inda iska ta dosa. Muka yi mata godiya sosai. Da ta tafi muka zauna, aka rasa wanda zai ce a rataya shi Bihi yana raye. Wani ya ce kamar ka miƙa wa maigida fitila ne ya nemo ƙofar ɗakinsa. Sai aka kai wa matar Bihi, Lalla Mamas. Ta ƙulle gindinsa ta dinga zuba 'ya'yan argan, itacen da muke matsar mai daga gare shi, a ciki, ta ce ba ta taɓa samun buhu mai ƙarko irinsa ba.

'Yarsu ɗaya ce ta rayu, Ijja. Tun tana ƙarama ya ɗora ta a allo. Aka yi surutu a gari, ya ce iska ba ta tambayar mutum ko namiji ne ko mace kafin ta kayar da shi. Ijja ta girma ta fi samarin iya hawa, ita ke koya wa matan baƙi. Doguwa ce mai saurin dariya, hannunta duk ya yi kanta. In ta fito daga ruwa takan zo rumfa tana ɗiga, ta ɗauki burodina ta tsoma a kwanon amlu na, wato niƙaƙƙen almon da man argan da zuma, ta ce mini, "Si Abella, rubuta: Ijja ta ɗauki loma ɗaya, ba za ta mayar ba."

Ruwanmu sanyi gare shi ko da zafi ake yi. Wanda ya daɗe yana shiga, ƙashi yakan tsiro masa a cikin kunne a hankali har ya toshe ƙofar. Kunnen dama ya fi kamuwa, don shi iskar arewa ke duka in kana fuskantar teku. Bihi ya fara juya wa mai magana kunnen hagu. Muka ɗauka tsufa ne, Ider kuwa ya samu abin wasa. Zai zagaya ta damansa ya ce da fara'a, "Bihi, gemunka ya kama wuta."

"Amin, tare da kai," in ji Bihi.

Rumfa ta kwashe da dariya, shi ma ya yi, bai san dalili ba.

Ijja ce kaɗai ba ta dariya. Ta lallaɓa shi ta kai shi wajen likita a birnin Sawira. Likita ya ce kunnen dama saura ƙiris ya rufe, sai an yi aiki an kankare ƙashin, sannan ya yi watanni bai tsaya cikin iska ba. Bihi ya ce to, wa zai rataya jarka? A motar dawowa ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta faɗa wa kowa ba, har mahaifiyarta. Ta yi.

Abin da bai yarda da shi ba shi ne kunnen ya taɓa aikinsa. Mai kunnen dama a toshe, kafin ya ji ƙarar ta zo daidai, sai ya juya kansa hagu fiye da kima. In iska ta karkata gabas, hancinsa zai tsaya a kan hubbaren, ya rantse arewa ce. A wannan lokacin kuma hasashen da ake gani a waya ya fara yin kyau. Ni nakan karanta shi da safe kamar yadda ƙungiya ta ɗora mini, Bihi yakan saurara ya ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa tsayawa a kan dutsen nan?" Sau da yawa shi ke da gaskiya, don waya ba ta san tsauninmu ba. Amma a shekarar aka samu ranaku da ya rataya kore, waɗanda suka shiga suka dawo da ƙyar suna cewa iskar tana jan mutum waje. Samari suka fara duba waya a ɓoye kafin su dubi sanda. Bihi ya lura. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar ranar da zai rataya jarka ta zama jarka kawai.

Ranar ta zo cikin Oktoba, lokacin da iskar arewa ke fara gajiya. Na karanta hasashe: arewa maso gabas da safe, za ta koma gabas sosai wajen azahar, da ƙarfi. Bihi ya hau dutse, ya tuɓe hula, ya juya kai. Hancinsa ya tsaya a kan hubbaren. Ya sauko ya rataya kore.

Baƙi sun riga sun ɗaura ƙyallayensu a kan yashi. Samarinmu ma haka. Kowa ya dubi jarkar, ya dubi wayarsa, ya shiga gyaran igiyar da ba ta lalace ba. Ruwa ya janye ƙwarai ranar, duwatsun gaɓa duk a waje. Hantsi ya yi sama ba wanda ya taka ruwa. Tun da nake ban taɓa ganin koriyar jarka a rataye teku babu kowa ba.

Ider ya zo ta hagunsa, ba wasa a muryarsa. "Bihi, sauke ta yau ɗaya. Wallahi a ƙeyata nake jin ta."

"Ƙeyarka? Ƙeyar da ba ta san komai ba sai matashi?"

"Na ji. Amma sauke ta."

"Kai ma wayar ka saya?"

"Ni ko lambar gidana ban sani ba. Ɗan'uwana, shargi ce ke tafe."

Bihi ya juya ya dubi samarin. Duk yaran da ya koya wa tsayuwa ne, ba wanda ya ɗago kai. Ya ce, "To. Si Abella, ba ni rigar robata ta shiga ruwa. Tunda yaran yanzu sai an nuna musu."

Ya fi shekara biyar bai hau allo ba, gwiwar ba ta ko lanƙwasuwa sosai. Na tsaya da maɓallin akwatin riguna a hannu. Sai Ijja ta taso daga inda take zaune, ta dafa kafaɗarsa tana murmushi.

"Haba Baba. Tun yaushe mai rataya jarka yake shiga da kansa? Ka bar mana abincinmu. Ni dama jira nake ruwa ya ɗan dawo, amma tunda ragwayen nan sun bar mini teku ni kaɗai, na gode musu."

"Kun ji 'yar halak," in ji Bihi, da ƙarfi don kowa ya ji.

Da ta ɗauko allonta ta biyo ta gefen Ider, ina kusa na ji abin da ta ce. "Dadda Ider, zuwa ɗaya zan yi in dawo, hankalinsa ya kwanta. Ka sauke kwale-kwalen a hankali."

"'Yata, a ƙarƙashin kore? Yana kallo?"

"To ka dai shirya."

Ider ya je ya zuba mai a inji, ya kwance igiya, ya tsaya da hannu a kan bakin kwale-kwalen. Ya dubi abokinsa da ya koma kan dutse ya harɗe hannu. Bai tura ba. Mu ma da muke wurin ba wanda ya ce a tura.

Ijja ta ratsa duwatsu da allo a ka, ta hau. A inuwar tsauni iskar ba ta da ƙarfi, sai da ta kai hancinsa ƙyallen ya cika. Ta tafi kamar an harba ta, ta juya, ta dawo har muna ganin haƙoranta. Bihi ya yi tsalle a kan dutse kamar yaro.

"Kun gani? Kun gani, 'yan waya? Ƙara, Ijja! Ƙara ɗaya su koya!"

Ya dinga yi mata alama da hannu ta koma. Na ga ta ɗan tsaya, ta dubi gaɓa. Sai ta juya allon ta koma.

Akwai wata 'yar roba mai kaurin wuyan hannu da ke haɗa sanda da allo. Kowa ya taɓa tsinka ta. Ijja ta wuce hancin tsauni kenan iska ta sauko da ƙarfi gaba ɗaya, robar ta tsinke, muka ga ƙyallen ya tashi shi kaɗai ya faɗi gefe. Ta ɓullo ta kama allon ta hau ta zauna, ta ɗaga hannu. Wani saurayi har ya fara dariya ya ce a nemo jaki. Duk muka juya ido kudu, inda ya kamata ta nufa.

Ba kudu ta yi ba. Ƙanƙancewa take yi a inda take.

Bihi ya ce, "Me ya sa take yin yamma?" Ya rufe ido ya juya kai, hancinsa ya sake tsayawa a kan hubbaren. Ya buɗe ido ya dubi 'yarsa. Sai ya ɗaga hular da ke hannunsa ya sake ta. Hular ta tashi ta bi ta kan duwatsu, ta nufi tsakiyar teku kai tsaye.

Ihun da ya yi na kiran Ider, har yau in na tuna sai in ajiye abin da ke hannuna.

Duk wanda ke gaɓar ya kama kwale-kwalen, baƙi da 'yan gari. Amma ruwa ya yi nisa, kuma jan kwale-kwale mai inji a kan duwatsu masu santsi ba abin gaggawa ba ne. Wani ya faɗi ya fasa gwiwa, aka tsallake shi. Kafin mu kai ruwa Ijja ta zama ɗigo, kuma a can waje teku ta tashi fari fat. Ider ya tafi da samari biyu. Na buga waya aka turo jirgin ceto daga birni, masunta ma suka fita. Bihi ya so shiga kwale-kwalen aka riƙe shi, ya koma kan dutse ya tsaya yana nuna musu da hannu inda ya gan ta ƙarshe, ko da ba mai iya ganinsa. Da magariba Ider ya dawo, ya kashe inji, ya zauna a ciki bai fito ba.

Bayan kwana biyu masu kamun kifin sadin suka tsinci ƙyallen. An kwance igiyar da ke riƙe shi da allo da hannu, ba tsinkewa ta yi ba. Haka Bihi ya koya wa kowa: in abin ya ɓaci ka rabu da ƙyalle, ka kwanta a allo ka yi tuƙi da hannu. Ta yi yadda aka koya mata. Ita da allon ba a gan su ba.

Koriyar jarkar ta kwana uku a rataye, ba wanda ya iya taɓa ta. Ranar da aka tashi daga zaman makoki Bihi ya zo ya sauke ta, ya ɗauki jar ma, ya tafi da su gida. Can sai ga shi ya dawo da buhun nan ja da fari a kafaɗa. Lalla Mamas ta gaya wa matata cewa shigowa ya yi ya zazzage 'ya'yan argan a tsakar gida, ya zauna yana kwance ƙullin da haƙori, sannan ya faɗa mata maganar kunnen da ya ɓoye. Da ya gama ta ce, "Ka je a buɗe shi."

Ya ce, "Don me kuma yanzu?"

Ta ce, "Don in na kira sunanta a gidan nan ka ji. Ba zan dinga kira ni kaɗai ba."

Ya ɗauki sandar ƙarfe ya nufi hancin tsauni, inda iska ba ta da abin ɓuya. Gwiwar ta hana shi sauri. Ider ya bi shi a baya ya kama ɗaya bakin sandar.

"Sake mini, Ider."

"Ba zan sake ba. Ranar nan hannuna yana kan kwale-kwalen, Bihi. Yana kai, ban tura ba."

"Ni na rataya."

"Ni kuma na ji kunyarka. To mu hau."

Suka kafa sandar tare, suka ɗaura buhun. Ya cika da iska ya miƙe, bakinsa yana nuna teku.

An yi masa aikin kunnen da sanyin shekarar, ya warke, har yakan ji taɗin da ake yi a ƙarshen rumfa. Ƙungiya ta aika dattawa su roƙe shi ya koma faɗin iska, don har yanzu akwai abin da yake gani a launin ruwa wanda buhu da waya ba sa gani. Ya ƙi. Abu ɗaya ya roƙa a sa a dokar ƙungiya, na kuwa rubuta shi yadda ya faɗa: kwale-kwale ya sauka bakin ruwa kowace safiya, kowace iska ake yi, ko wa ya ce lafiya lau.

Ya yi shekaru bayan haka. Kullum da hantsi yana zaune a gindin dutsen, ba ya hawa. In baƙo ya tambaye shi yaya iska yau, sai ya nuna masa buhun, ya nuna masa ni, ya ce, "Duba wancan, ka tambayi wannan, sannan ka jefa yashi sama ka gani da idonka. In ɗaya ya saɓa, ka zauna ka sha shayi." Iska takan yaga buhun duk bayan 'yan watanni, sai ya sa a sauko da shi ya ɗinke da allurar gyaran koma. Har ya zama faci ya fi asalin ƙyallen yawa. Ider yakan zauna kusa da shi ya riƙe masa zare. Ban sake jin sun yi wa juna tsiya ba.

Ranar shargi kuwa ba ya zama. Zai tashi ya bi bakin ruwa yana dogara sanda, yana duban duk wanda ya ɗauko allo, har sai ya ga an mayar da shi rumfa. Daga nan ya tsaya yana kallon yamma har a kira azahar.

Bayan jana'izarsa Lalla Mamas ta aiko wa Ider da allurar. Jarkokin biyu suna nan a tsakar gidanta, tana ɗiban ruwa da jar. Koriyar tana kife a kusurwa.